Bayan sallama daga asibiti: Amanar da ke wuyan amintattun ƙungiyoyin kula da masu raunin ƙwaƙwalwa a Jos

Duk wanda ya saba tasowa daga Abuja zuwa Jos ta Keffi da Akwanga ya san Hawan Kibo, hawan nan mai lanƙwasa da ke ƙaramar hukumar Riyom, inda manyan motoci kan ƙwace wa direbobinsu. Idan haɗari ya auku a can, ko a cikin gari, rahotanni kan kawo alƙaluma biyu: waɗanda suka rasu da waɗanda suka jikkata. Mamatan a yi musu sutura, masu raunin a kwashe su zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, ko Asibitin Ƙwararru na Jihar Filato, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Bingham wanda mutanen gari suka fi sani da Jankwano. Daga nan labari ya ƙare a jarida.

A gidajen waɗanda suka bugu a ka kuwa, lokacin ne ɗawainiya take farawa. Likita ya ceto rai, ya rubuta takardar sallama, iyali sun koma gida da mutumin da fuskarsa ba ta sauya ba, amma maganarsa da tafiyarsa da halinsa duk sun sauya. Abin da zai biyo baya na watanni ne, wani lokaci na shekaru, kuma mafi yawansa ba a asibiti ake yin sa ba. Yana kan iyali, sai kuma ƙananan ƙungiyoyin agaji da ke tallafa musu. Su kuma ƙungiyoyin, tsayuwarsu ko faɗuwarsu tana hannun wasu mutane ƙalilan da ba a biyan su albashi, ba a kuma cika jin sunayensu ba: kwamitin amintattu.

Ciwon da ba ya nuna tabo

Likitoci na auna tsananin bugun kai da wani ma'auni da Graham Teasdale da Bryan Jennett suka fito da shi a birnin Glasgow a 1974. Makinsa daga 3 ne zuwa 15, gwargwadon yadda majiyyaci ke buɗe ido, da amsa magana, da motsa jiki. Daga 13 zuwa 15 rauni ne mai sauƙi, daga 9 zuwa 12 matsakaici, daga 8 zuwa ƙasa kuma mai tsanani. Wannan ma'auni na taimaka wa likita a daren farko, amma ba ya faɗa wa matar majiyyaci ko mijinta zai sake iya lissafin kuɗin shagonsa.

Wanda ya tsira daga rauni mai tsanani kan iya fama da mantuwa, da saurin fushi, da nauyin baki, da raunin ɓarin jiki, da farfaɗiya, da gajiyar da ba ta da dalili a idon mai kallo. Da yake gurgu ana ganin sandarsa, makaho ana ganin ɗan jagoransa, shi wannan ba a ganin komai, sai a ce ya zama malalaci, ko ya lalace, ko an yi masa sammu. Wasu iyalan kan ƙarar da abin da ya rage musu wajen masu magani kafin su ji cewa akwai gashin ƙashi, da koyar da magana, da horon ayyukan yau da kullum, waɗanda ke dawo da wani abu daga cikin abin da aka rasa idan an fara su da wuri aka kuma ɗore.

Ba bugu kaɗai ke raunata ƙwaƙwalwa ba. Shanyewar ɓarin jiki na yin haka ga manya. Sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro mai hawa ka na yin haka ga yara. Doguwar naƙuda da ke hana jariri iska, da shawarar jarirai da ba a yi maganinta da wuri ba, kan bar yaro da nakasar motsi har ƙarshen rayuwarsa.

Jos ta samu rabonta na dukkan waɗannan, har da ƙari. Ta ga rikicin Satumbar 2001, da na Nuwambar 2008, da na Janairun 2010. Ta ga tagwayen bama-baman kasuwar Taminus a ranar 20 ga Mayun 2014, waɗanda suka kashe fiye da mutum 100. Ta ga ruftawar ginin wata makaranta a Busa Buji a ranar 12 ga Yulin 2024, inda mutum 22 suka rasu, wasu da dama suka jikkata. Ramukan kuza na ci gaba da rufta wa matasa a yankunan Bukur da Barkin Ladi. A kan tituna kuma, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta sanya hular kwano tun 1 ga Janairun 2009, amma har yau mahaya babur da dama ba sa sanyawa, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sanya ta yadda ya dace kan rage haɗarin raunin ƙwaƙwalwa da abin da zai iya kai har kashi 74 cikin 100.

Waɗanda suka cike giɓin

A ƙasashe da dama, iyalai ne suka fara tsayuwa wa masu wannan ciwo kafin hukumomi su farga. A Ingila, ƙungiyar Headway ta samo asali a 1979, bayan wani uba, Sir Neville Butterworth, ya sa cigiya a jarida yana neman wurin hutu da zai karɓi ɗansa mai raunin ƙwaƙwalwa, sai wasu iyaye da ma'aikatan jin daɗin jama'a suka amsa masa. A Amurka, Marilyn Price Spivack da mijinta sun jagoranci kafa wata gidauniya a 1980 bayan haɗarin mota ya raunata 'yarsu, ita ce a yau babbar ƙungiyar masu raunin ƙwaƙwalwa ta ƙasar, kuma tana cikin waɗanda suka matsa har majalisa ta yi doka ta musamman kan ciwon a 1996. A Legas, tsohon hafsan sojan sama Femi Gbadebo da mai ɗakinsa sun kafa Benola a 2013 domin yara masu nakasar motsi, bayan shekarun da suka yi suna jinyar ɗansu.

Jos ma tana da nata. Cibiyar Open Doors, wadda Farfesa Joanne Umolu, ƙwararriya a fannin ilimin masu buƙata ta musamman da ta koyar a Jami'ar Jos, ta kafa a 1999, tana karɓar yaran da makarantun gama-gari ba su san yadda za su yi da su ba, ciki har da waɗanda ƙwaƙwalwarsu ta samu rauni tun suna jarirai. Tana haɗa karatu da gashin ƙashi da koyar da magana da sana'a. Akwai kuma cibiyar Beautiful Gate, wadda Ayuba Gufwan, lauya da shan-inna ta kama tun yana yaro, ya gina tare da Dokta Ron Rice na Amurka, tana ƙera kekunan guragu tana rabawa kyauta. Bayan waɗannan akwai kwamitocin jinƙai na coci-coci da masallatai, da 'yan agaji masu kaki da ake gani a ƙofar asibiti duk ranar da wani abu ya faru.

Ba bisa kuskure irin wannan aiki ya yi saiwa a Filato ba. Makarantar makafi ta Gindiri na nan tun 1953. Jami'ar Jos na da tsohon sashen horar da malaman masu buƙata ta musamman. Jihar na cikin na farko da suka yi dokar kare haƙƙin nakasassu, tun 2005, shekaru da dama kafin Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan ta tarayya a Janairun 2019. Da aka kafa Hukumar Kula da Masu Buƙata ta Musamman ta Ƙasa a 2020, ɗan Filato, James Lalu, aka naɗa ya fara shugabantarta, a 2024 kuma Ayuba Gufwan ya gaje shi.

Abin da doka ta ɗora wa amintacce

Ƙungiyar da ke son ta buɗe asusu da sunanta, ta mallaki fili, ta karɓi tallafi daga waje, sai ta yi rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC. Mafi yawan ƙungiyoyin agaji kan bi ta ɓangaren amintattu na dokar kamfanoni ta CAMA, wadda aka sabunta a Agustan 2020. Ana buga sunayen amintattun a jaridu biyu, a ba jama'a kwana 28 ko akwai mai ƙorafi. Da zarar an ba da takardar shaida, amintattun nan su ne fuskar ƙungiyar a gaban shari'a: da sunansu na haɗaka take riƙe dukiya, da shi take kai ƙara, da shi ake kai ta.

Sashe na 838 na dokar ya ce kuɗi da kadarorin ƙungiya ba su da wata mafita sai manufar da aka kafa ta dominta. Ba a raba riba, kuma ɗan kwamitin gudanarwa ba zai riƙe muƙamin albashi a ƙungiyar ba. Abin da aka yarje masa shi ne a mayar masa da kuɗin da ya kashe daga aljihunsa, ko a biya shi hayar da ta dace idan gininsa ake amfani da shi, ko ladan da bai wuce kima ba na wani aiki da ya yi. Wato kujerar amintacce kujerar sa-kai ce tun daga tushe.

Sashe na 839, wanda ya ba CAC hanyar dakatar da amintattu da naɗa masu riƙon ƙwarya idan an ga alamun almundahana, ya tayar da ƙura, musamman a tsakanin ƙungiyoyin addini, har wata Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta soke shi tare da wasu sassa a Afrilun 2023. Sai dai ko da hukuma ba ta leƙo ba, banki zai nemi takardu, mai ba da tallafi zai nemi rahoton mai binciken kuɗi, iyayen yara kuma za su nemi sanin inda gudunmawarsu ta shiga.

Kuɗi da ranar tsiya

Aikin farfaɗo da mai raunin ƙwaƙwalwa ba ya son yankewa. Yaron da aka ɗauki watanni ana koya masa riƙe cokali kan iya komawa baya idan aka rufe cibiya na zango ɗaya. Mai farfaɗiya da maganinsa ya yanke na cikin haɗari tun daga makon farko. Don haka aikin farko na kwamiti shi ne tabbatar da cewa ƙofa za ta buɗe gobe.

Shekarun baya-bayan nan sun nuna haka ƙarara. Cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 da sakin darajar naira a watan da ya biyo baya sun ninka kuɗin mota da na magungunan da ake shigowa da su. Mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a Yulin 2024, ma'aikatan cibiyoyi ma suna da iyali. A Janairun 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da mafi yawan tallafinta na ƙasashen waje, ƙungiyoyin da suka rasa nasu kuma suka juyo kan 'yan majiyoyin da suka rage. Kwamitin da ya san aikinsa kan tambayi kansa tun kafin hadari ya haɗo: idan babban mai ba mu tallafi ya janye yau, wata nawa za mu iya biyan malamai? Wa ke sa hannu a kan ceki, kuma mutum nawa ne? Yaushe aka yi binciken kuɗi na ƙarshe, wa ya karanta rahoton?

Ingila ta ga abin da rashin ajiya ke haifarwa a Agustan 2015, lokacin da fitacciyar ƙungiyar kula da yara ta Kids Company ta durƙushe cikin kwanaki, duk da manyan sunayen da ke kwamitinta da makudan kuɗin da gwamnati ta zuba mata. Kwamitin majalisar dokokin ƙasar ya zargi amintattun da barin ta babu ajiyar kirki. A 2021 kotu ta wanke su daga zargin rashin cancanta, amma a lokacin ƙofofin sun daɗe da rufewa.

Wanda ya kafa da wanda zai gada

Mafi yawan irin waɗannan ƙungiyoyi zuciyar mutum ɗaya ce ta haife su. Shi ya san kowane yaro da sunansa, shi masu tallafi suka yarda da shi, lambar wayarsa ce a jikin allo. Wannan shi ne ƙarfin ƙungiyar, shi ne kuma rauninta. Mutum kan tsufa, kan yi ciwo, kan koma garinsu, wani lokaci kuma Abuja ce ke kiransa, kamar yadda Filato ta gani sau biyu cikin shekara huɗu. Kwamitin da ya ƙunshi abokai da dangin wanda ya kafa kaɗai ba ya iya ce masa a'a, ba ya kuma iya tambayarsa wa ya tanada a bayansa.

Batun wa'adi ba baƙo ba ne a Najeriya. A 2016 Majalisar Kula da Rahotannin Kuɗi ta fitar da ƙa'idar shugabanci ga ƙungiyoyin da ba na riba ba, wadda ta ƙayyade shekara 20 ga shugaba. A Janairun 2017, bayan Fasto Enoch Adeboye ya sanar da naɗa wani ya shugabanci cocinsa a Najeriya, gwamnati ta dakatar da ƙa'idar, ta kuma sauke babban sakataren majalisar, Jim Obazee. Abin da hukuma ta kasa tilastawa ya rage ga kowane kwamiti ya rubuta shi a kundin tsarin mulkinsa: shekara nawa shugaba zai yi, sau nawa za a sabunta, mutum nawa za su zauna kafin taro ya halatta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma irin wannan magana ta fi sauƙi a ranar da kowa ke dariya.

Kujerar mai ciwon

Tambayar da kwamitoci suka fi kauce wa ita ce ko wanda ya tsira daga raunin zai zauna a cikinsu. Wasu kan fake da doka, alhali dokar ba ta hana ba. Sashe na 826 ya haramta kujerar ga ƙaramin yaro, da wanda aka ayyana ya karye bai farfaɗo ba, da wanda aka kama da laifin zamba cikin shekara biyar da suka wuce, da wanda kotu ta tabbatar ba shi da hankali. Mai nauyin baki ko mai mantuwa ba ya cikin wannan jeri.

Abin da zamansa ke buƙata kaɗan ne: a aika takardu kwanaki kafin taro, a rubuta su da sauƙin harshe, a taƙaita zama, a ba shi lokaci ya gama maganarsa. Amfaninsa kuwa babba ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Shi zai ce ranar gashi ta ci karo da ranar ganin likita. Uwar yaro ce za ta ce kuɗin keke daga gida zuwa cibiya ya fi kuɗin maganin yawa, don haka ƙaramar motar ɗaukar yara ta fi sabon fenti muhimmanci.

A Jos akwai wani wakilcin na daban. Tun bayan rikice-rikicen da suka gabata, unguwanni da dama sun rabu bisa addini, kuma akwai iyayen da kan yi jinkirin kai ɗansu wata unguwa ko da a can maganinsa yake. Kwamitin da ke da mutumin Unguwar Rogo da na Tudun Wada, da na Rikkos da na Unguwar Rukuba, yana da ƙofofin da kuɗi ba sa buɗewa. Garin da ke ɗauke da hedikwatar ECWA da ta COCIN, garin da aka kafa ƙungiyar Izala a 1978, ba ya rasa mutanen da suka ƙware wajen tara jama'a kan aikin alheri. Abin nema shi ne a zaunar da su a tebur ɗaya.

Ma'aikacin tarayya da takardar gayyata

Darakta a ma'aikata, ko hadimin minista, ko mai taimaka wa ɗan majalisa, ba ya rasa samun wasiƙa daga gida ana roƙonsa ya zama amintacce. Sau da yawa sunansa ake so a saman takarda. Kafin ya amsa, akwai abubuwan da ya kamata ya auna.

Na farko, Jadawali na Biyar na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana jami'in gwamnati sanya kansa inda muradinsa zai ci karo da aikinsa. Wanda teburinsa ke tantance masu neman tallafi ba zai zauna a kwamitin mai nema ya yi shiru ba: sai ya bayyana, ya janye daga shawarar, ya kuma sanar da shugabanninsa a rubuce. Na biyu, ya nemi ganin takardar rajista, da kundin tsarin mulki, da rahoton binciken kuɗi na baya-bayan nan, da bayanan zaman da aka yi na ƙarshe. Ƙungiyar da ta ji haushin wannan tambaya ta riga ta ba shi amsa. Na uku, ya duba ko zai iya zuwa Jos sau uku ko huɗu a shekara, ya shiga aji, ya ga ɗakin gashi, ya gaisa da iyaye.

Idan ya amsa, yana da abin bayarwa da ya fi suna. Ya san yadda ake karanta kasafi da rubuta takardar da za ta wuce teburin sakatare. Ya san dokar nakasassu ta ware aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati ga masu buƙata ta musamman, kuma wa'adin shekara biyar da ta bayar na gyara gine-gine ya cika a Janairun 2024. Ya san dokar lafiya ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar agajin gaggawa. Ya san dokar inshorar lafiya ta 2022 ta tanadi asusun marasa galihu, kuma Filato na da hukumarta ta PLASCHEMA da za a iya neman sanya majiyyata a cikinta. Ya san a Mayun 2023 Babban Taron Lafiya na Duniya ya zartar da ƙudurin da ya nemi ƙasashe su shigar da aikin farfaɗo da majiyyata cikin tsarin lafiyarsu. Duk waɗannan a takarda suke, kuma takarda ba ta kai kanta gidan mara lafiya. Sai an samu wanda ya san ofishin da za a ƙwanƙwasa, da wanda za a rubuta wa idan aka yi shiru.

Wanda ya ga ba zai iya ba, ya fi masa mutunci ya ba da gudunmawarsa ya bar kujerar ga mai lokaci. Amintaccen da ba ya zuwa taro kan hana adadi cika, shawara ta tsaya, ceki ya kwana babu sa hannu, albashin mai gashin ƙashi ya makara, shi kuma ya fara neman aiki a wani wuri. A ƙarshen wannan sarƙa akwai yaron da ya fara taka ƙafarsa a watan jiya, wanda ranar Litinin mahaifiyarsa za ta goyo shi zuwa cibiya, tana sa ran ta tarar da ƙofa a buɗe.